Kujerar Maigidana Da Na Yi Sadaka Da Ita

Ku matso kusa, ƴaƴana da jikokina na kusa da na nesa, ku aje abin da ke hannunku ku ba ni kunne. Abin da zan faɗa muku ba tatsuniya ba ce, a tsakar gidana aka yi shi, kuma da hannuna. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ko bihim ban sani ba. Maƙwabciyata ce ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa.

Lokacin da abin ya faru ni tsohuwa ce mai sauran ƙarfi, a wani gari kusa da Kore Mairuwa. Ina soya gujiya, ina matse mai, ina yin ƙuli-ƙuli, ba na roƙon kowa gishiri. Mutane suna zuwa neman shawara wurina, ni kuma na saba in yanke magana ba tare da na tambayi kowa ba. Maigidana ya daɗe da rasuwa. Direba ne, da motarshi ta kanshi, irin akori-kurar nan ta da can, yana ɗaukar mutane da buhunan hatsi da awaki tsakanin kasuwar Dogon Dutsi da ta Tibiri da ƙauyukan da ke tsakani. Ya rasu autanmu bai ko fara famfara ba. Da aka zo rabon gado, manya suka samu gonaki da dabbobi, rabon auta ya faɗa kan motar, wadda injinta ya riga mai ita mutuwa. Aka tura ta ƙarƙashin iccen dogon yaro da ke bayan ɗakina, aka ɗaga gilasai, aka kulle ƙofofi, aka lulluɓe ta da zana. Can ta zauna shekara da shekaru, tayoyi suka nutse cikin rairayi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta.

Autan nan nawa da ya tasa sai ya tafi biɗar kuɗi birnin Kwatano, ya shiga sayar da kayan gyaran mota, Allah ya buɗa mishi. Can ya yi aure, can ya haifi ƴaƴa waɗanda sai a salula nake jin muryarsu. In ya zo gida to rasuwa aka yi, kuma kafin in gama kallon fuskarshi ya ɗauki jaka. Sai wata shekara da bazara ya iso da akwatin ƙarafa da kanikawa daga Dutsi, ya ce ba zai koma ba sai motar babanshi ta tashi. Ya ce mini in ta tashi zai gina ɗaki a kangon da ke gefen gidana, ya kawo matarshi da yara, ya buɗe shago a Kore Mairuwa, ya gaji da zaman bakin teku. Ku da kuka haihu kun san abin da na ji. Ban damu da mota ba ko kaɗan, amma na gane ita ce ta jawo mini ɗana gida, na shiga yi mata addu'a kamar mutum. Ranar da injin ya yi tari ya kama, da ni aka yi guɗa.

Da aka gama da inji sai ya koma kan cikin motar. Ya kwance kujera, wadda doguwa ce guda ɗaya daga wannan ƙofa zuwa waccan, ya ciro fatun da aka lulluɓe ƙofofi da su ta ciki, ya jera su a rumfa bisa tabarma. Kujerar nan ba yadda Nasara suka yi ta take ba. Maigidana gajere ne, ya sa maƙeri ya ɗaga mishi ƙarfenta, ya kuma kai ta wurin wani baduku a Tibiri ya rufe ta da jan fatar akuya, da ado na ɗinki kore da baƙi, har da ƴar aljihu a jikin ƙofa ta sa goro. Yanzu fatar ta tsattsage, soso yana leƙowa. Ɗana ya tara jikokina na gidan yayyenshi ya ce duk wanda ya taɓa kayan nan zai gamu da shi. Na tambaye shi me zai yi da wannan ruɓaɓɓen kaya, ya ce sababbi za a yi, Inna, sababbi fil kamar ranar da baba ya fara zama. Iyakar abin da ya faɗa mini ke nan, ni ma iyakar abin da na tambaya ke nan. Ya tafi Yamai ɗauko wani gwani mai ɗinkin kujerun mota.

Bayan tafiyarshi na shiga rumfa ɗaukar turmi, na tsaya a gaban kujerar. Ga ramin zaman maigidana nan a ɓangaren direba, ga wurin da bayanshi ya goge fata har ta yi baƙi tana sheƙi. Na sunkuya, na ji warin ƙura da man inji, da wani abu a ƙarƙashinsu wanda na sani. Ni ta wajen uwa jinin mutanen Lugu ce, masu riƙo da al'adun gargajiya. Da salla na tashi, da ita zan mutu in Allah ya yarda, amma akwai abin da kakata ta zuba mini a kunne tun ina ƙarama: duk abin da ya sha gumin mamaci ba a kulle shi a aje, a ba mai rai ya mora, ladan ya iske mai shi, in ba haka ba hankalinshi yana nan kan kayanshi bai kwanta ba. Da maigidana ya rasu na fitar da rigunanshi da takalma da buzun sallarshi da ƙoƙon furarshi, ban bar ko hula ba. Ashe abin da ya fi komai shan guminshi yana nan bayan ɗakina a kulle, ni kuwa ina kwana ina tashi. Sai na ji kamar na bar mutum tsaye a ƙofar gida duk shekarun nan ban ce mishi ya zauna ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na san in na faɗa wa ɗana ba zai yarda ba. Yana cikin samarin nan masu karatun littattafai, da ko sadakar arba'in ba su so a yi, zai ce mini camfi ne. Na ce a raina ai shi da bakinshi ya ce sababbi za a yi, tsohon kuwa juji za shi, gara in riga juji. Ana haka ruwan farko ya sauka, sai ga wata Bafillata da muka daɗe muna musayar nono da hatsi ta zo yi mini ban kwana, don an fara shuka za su ɗaga da shanu su yi arewa. Na tambaye ta jikin mijinta, wanda ɓarin jikinshi ya shanye. Ta ce tafiyar ce ke ba ta tsoro, bara a kan amalanke suka shimfiɗe shi bisa itace, kafin su isa bayanshi duk ya sale. Ban bari ta rufe baki ba na kama hannunta na kai ta rumfa. Kafin la'asar ƴaƴanta sun zo da amalanke sun ɗora kujera, na haɗa musu da fatun ƙofofin na ce su yi mishi inuwa da su. Na ce sadaka ce, su yi wa mai ita addu'a. Ranar na ji jikina sakayau kamar an sauke mini dami.

Ɗana ya dawo da gwanin, wani dattijo Bazabarme mai fara'a, da naɗin jan fata da almakashi da alli. Suka nufi rumfa, suka iske tabarma ita kaɗai. Ɗana ya fara neman yara da ido, na ce ya bar su, ni ce. Dattijon ne ya yi mini bayani, a hankali, kamar mai yi wa mara lafiya magana. Ya ce shi aikinshi ba daga ka yake yi ba. Tsohuwar fatar yake farkewa ɗinki bayan ɗinki, ya shimfiɗa kowane yanki bisa sabuwa, ya zagaye shi da alli, ya yanka, ya kwafi adon kamar yadda mai farko ya yi shi. Ƙarfen kujerar kuwa shi za a kankare a mayar, don ba inda za a samu irinshi tunda gyaran maƙeri ne. Ya ce tsohon shi ne uwar sabon, in babu shi sai dai a yi wani abu dabam. Ɗana bai ɗaga murya ba. Ya cire hula ya zauna a ƙasa, ya ce Inna, motar nan gadona ce a gaban shaidu, kin yi sadaka da abin da ba naki ba. Maganar ta soke ni, na ce mishi kafin ta zama gadonka gumin mijina ce, kuma ni na yi mishi takaba ba kai ba. Dattijon ya ce a sha ruwa tukuna, ba wanda ya sha.

Da na ga ɗana ya daina cin tuwona sai na ce zan je gaisuwar rasuwa Dutsi, na hau motar kasuwa. A kasuwar dabbobi na yi ta tambaya har aka kwatanta mini inda Fulanin suka sauka, bakin wani tabki can arewa da gari. Na iske su. Sun ɗaure kujerar bisa amalanke da igiya, sun kafa fatun ƙofofi a sama, tsohon yana zaune a ramin maigidana daidai, an tallafe shi da zane, yana kallon shanunshi suna shan ruwa. Ku sani mu Arawa da Fulani taubasai ne, ba mu gaisawa sai da tsiya. Yana hango ni ya fara dariya da karkataccen bakinshi, wai ga baiwarshi ta biyo sawu, dama tun da yake bai taɓa jin Ba'are ya ba Bafillace abin da ya wuce ruwa ba, shi ma sai ya tsaya ya karɓi ƙoƙonshi. Na ce mishi ashe Fulani sun iya zama, ni na zaci a tsaye bisa ƙafa ɗaya ake haihuwarku. Ya yi dariya har ya ƙware. Sai ya daina, ya dafa fatar da hannunshi mai lafiya, ya ce tun da ciwo ya kama shi sama kawai yake gani in ana tafiya, sai bana ya ga garkenshi a gabanshi, kuma kowace salla yana sa mai kujerar nan a addu'a. Na fasa faɗin maganar da na zo da ita. Matar ta ja ni bayan bukka ta ce ta ga fuskata, in abin ya jawo rigima a gida in ɗauka, zai kwanta yadda ya saba. Na rantse mata gaisuwa kawai ta kawo ni. Na sha nono na juyo.

Har nan ban ga laifina sosai ba, kuma har yau in na tuna tsohon nan bisa amalanke ba na iya cewa da na sani. Inda na ɓata shi ne bayan na dawo. Na faɗa wa ɗana na gan su, kuma ba a karɓo sadaka. Ya ce ba karɓowa zai yi ba, musaya zai yi: zai kai wa tsohon kujerar babbar mota mai laushi wadda ta fi wannan, da katifa, da rumfa ta tamfol, in nuna mishi wurin kawai. Dattijon ya ce ko wuni ɗaya aka ba shi da kujerar zai kwafi abin da ya samu. Na ƙi. Na ce musaya ma karɓowa ce, an sa mata wata riga. A raina ina ganin in aka taɓa kujerar nan an tashi maigidana daga kwanciyar da ya samu, amma akwai wani abu kuma da ban faɗa ba: maganar da ɗana ya yi mini a rumfa tana nan tana ci na, ina so ya san ni ma ina da iko. Ya durƙusa a gabana ina daka, ya ce Inna don Allah. Na ci gaba da dakana. Dattijon ya share ƙasa da tafin hannu ya ce to uwa, ko zana mini adon da yatsa. Na tsuguna, na rasa ta inda zan fara. A zamaninmu mace ba ta zama gaba kusa da miji, ni sau ɗaya na shiga gaban motar nan, ina naƙuda, ban ga komai ba. Dattijon ya naɗe fatarshi ya koma Yamai.

Ɗana ya nemi kayan a salula, wurin wasu masu yin sababbin kayan cikin tsofaffin motoci a ƙasar Nasara, irin yadda suka fito tun farko. Sai da aka yi girbi suka iso. Kujera baƙa mai santsi, marufan ƙofofi baƙaƙe, komai ya zauna daram, gari duk ya zo kallo, tsofaffi suna cewa kamar jiya. Ɗana ya buɗe mini ƙofa ya ce in shiga gaba. Muka fita bayan gari, har ya tsaya gefen wata gona da aka sare kara. Can ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce shi bai san fuskar babanshi ba. Ba hoto, kuma duk yadda ya rufe ido ba ta zuwa. Abu ɗaya ya rage mishi: yana kwance bisa kujerar nan, kanshi a cinyar baba, mota tana girgiza, yana bin ɗinkin kore da yatsa, in ya tashi adon ya fito a kumatunshi baba yana yi mishi dariya. Ya ce da ya buɗe motar ya ga ɗinkin nan sai da ya ji muryar dariyar. Abin da ya so ke nan ya mayar sabo, ya kwantar da nashi ɗan a kai. Ya shafa baƙar kujerar ya ce wannan mota ce mai kyau, Inna, amma ta kowa ce. Na ce me ya hana ka faɗa mini tun farko. Ya ce ke me ya hana ki tambaya.

Na ce mishi ya yi haƙuri, Fulani suna gab da dawowa cin kara, da kaina zan kai shi, a yi musayar. Na shiga tsaron hanya kamar mai jiran ango. Suka dawo. Matar ta shigo gidana da ƙwaryar nono da baƙin zane, tun daga nan na gane. Tsohon ya rasu can arewa da tsakiyar damina, a zaune, yana kallon shanu. Na yi mata gaisuwa, na daure har ta sha ruwa, sannan na tambayi kujera. Ta dube ni da mamaki, ta ce ai kayan mamaci ne, ta fitar da ita tare da sandarshi da malafarshi. Wasu matafiya ta ba a bakin rijiya, suna ɗauke da wata tsohuwa da ba ta iya tafiya, ba ta san sunansu ba, ba ta san inda suka nufa ba. Ta ce yanzu ladan ya zama na mutum biyu. Me zan ce mata? Abin da na yi shi ta yi.

Abin da na koya, a tsufana, shi ne mamaci ba na mutum ɗaya ba ne. Ni na ɗauka maigidana nawa ne ni kaɗai, ni na san abin da yake bukata, na manta akwai yaron da bai samu komai daga gare shi ba sai ɗinki bisa fata. Sadaka alheri ce, ban fasa cewa haka ba, amma ni ban tsaya na ga wanda zan cire wa ba kafin in ba wani. Kuma da aka buɗe mini ƙofar gyara, fushi ya sa na rufe ta na ce addini ne. Ku tsofaffi ƴan'uwana, in kuka ga yaro yana lallaɓa wani tsohon tarkace, kada ku yanke hukunci da idonku, ku zaunar da shi ku tambaye shi me yake gani a ciki. Ku kuma yara, kada ku ce tsohuwa ba za ta gane ba ku bar ta da rabin magana, da rabin nan za ta yi aiki. In kuma kuna da tsohon abu da kuke so a yi muku sabonshi, ku riƙe tsohon da kyau har a gama.

Dattijon nan na Yamai na ji yana nan yana aikinshi, ya taɓa aiko mini da gaisuwa. Bafillatar ta bar yawo, tana zaune wurin ɗiyarta kusa da Tibiri, in ta shigo kasuwa takan biyo mu sha fura, har yau ban faɗa mata abin da kujerar ta jawo ba. Ɗana bai gina ɗakin ba. Ya tuƙa motar ya koma Kwatano da ita, an ce tana cikin rumfa a rufe, ba ya fita da ita. Bai yi fushi da ni a baki ba. Kowace Juma'a yana kira, ya tambayi ƙafata, ya ba yara su gaishe ni, amma tun daga shekarar bai sake kwana a gidan nan ba. Ni kuwa ƙarfi ya tafi, na bar matsar mai. Na tara yayyenshi maza da mata na yi musu wasiyya a gaban liman: ranar da Allah ya karɓi abinshi, kada a fitar da ko tsinken tsintsiyata, kada a ba kowa zanena ko tabarmata ko ludayina, komai daɗewar da auta zai yi a hanya. A kulle ɗakin a jira auta ya zo ya shiga shi kaɗai, ya ɗauki abin da yake so. Abin da ya bari, shi ne sadaka.